Igiyar Inna Sittana Ta Ƙarshe

Akwai mazan da bakinsu ya fi ƙarfinsu, kuma Haj Almahdi na Omdurman shi ne limaminsu. Mutumin kirki ne, wannan ba a ja, mai kyauta, mai zumunci, maƙerin da ya fara da guduma ɗaya har ya kafa warsha, wato wurin walda da ƙira, a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. Aibinsa ɗaya ne. Idan ransa ya ɓaci, ko daɗi ya yi masa yawa, sai ya rantse da auren matarsa. Al'ada ce ta wasu mazan ƙasar, mutum ya ɗaga murya ya ce "Alayya ɗalaƙ", saki ya hau kaina in ba a yi kaza ba, sai kowa ya bi abin da yake so don kada a raba shi da iyalinsa. Mafi yawansu sun san inda suke tsayawa, amma ban da Haj Almahdi.

Igiya ta farko ta tsinke ne a kan wani baƙo da ya ƙi tsayawa cin rago saboda motarsa za ta tashi. Ta biyu ta tafi a gardamar ƙwallo, da ya rantse ƙungiyarsu za ta ci, aka kuwa lallasa su. Duk biyun an mayar da aure, an yi dariya, an yi ta ba da labarin a wuraren shan shayi. Ita kuwa matar, Sittana, wadda ba ta san baƙon ba, ba ta kuma taɓa kallon ƙwallo ba, babu wanda ya tambaye ta ko abin ya ba ta dariya. Saura igiya ɗaya, kuma unguwa duka ta sani.

Zailani ɗan ƙanwar Haj Almahdi ne. Uwarsa ta rasu yana goye, ubansa ya bi ta kafin ya yi wayo, sai Sittana, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta kwance shi daga bayan wata maƙwabciya ta ɗaura a nata. Inna yake ce mata, bai san wata uwa ba. Da idon Haj Almahdi ya fara dushewa, sai ya tara ma'aikata ya ce daga yau Zailani ne shugaban warsha. Aka yi fatiha, aka sha shayi. Washegari kuma tsohon ya dawo ya kafa kujerarsa a inuwar bakin ƙofa yana ba da umarni kamar jiya. Haka aka tafi shekaru. Zailani ya haura talatin, ba mata, ba aboki na kusa, yana kwana a wani ɗaki da ya kama kusa da wurin aiki, kuma duk shugabancinsa bai wuce ya sunkuyar da kai ya ce "To, Kawu" ba.

Babban aikin warshar shi ne karo na ruwa. A Mayo, can kudancin Khartum, inda mutanen da fari da rikici suka koro daga ƙauyuka suka zauna har wurin ya zama gari, famfo bai isa ko'ina ba. Jaki ne ke kai wa mutane ruwa. Ana samun barmil biyu, wato durom na ƙarfe, a haɗa su baki da baki da walda, a ɗora a kan amalanke, mai jaki ya cika a rijiyar burtsatse ya bi lungu-lungu yana sayarwa. Wannan ruwan ake sha, da shi ake girki, da shi ake dama wa jariri kunu.

A farkon wani mako na tsananin zafi Hisham ya shigo da lori cike da barmil. Dillali ne, ɗan tsohon aminin Haj Almahdi, mai farar jallabiyar da ba ta taɓa sanin ƙura ba ko a Mantiƙa Sinaiya. Ya ce yana so a haɗa masa su duka kafin Juma'a, don masu jakuna suna can Mayo suna jira. Barmil ɗin sun sha sabon fenti shuɗi, sai ƙyalli suke yi. Zailani ya dube su daga nesa ya ce a sauke. Bai tambayi abin da suka taɓa ɗauka ba, kuma wannan sakaci nasa ne, bai taɓa ɗora wa wani ba.

Usta Hamid, babban mai walda, shi ya buɗe na farko. Bai gama yanke murfin ba ya ajiye kayan aiki, ya dafa bango, ya yi ta kelaya amai. Wari ne mai kama maƙogwaro, kamar tafarnuwar da ta ruɓe a cikin kalanzir. Zailani ya ɗauki wuƙa ya kankare fentin, sai ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da rubutun da ke nuna maganin ƙwarin auduga ne. Ya kankare wani, ya sake kankare wani, duk kanwar ja ce.

Ya sa aka wanke guda biyu da yashi da omo da ruwan zafi, aka shanya a rana. Da safe ya tarar da ƙudaje a mace sun yi zobe a bakin kowanne. Ya ɗauki hoton rubutun a waya ya kai wa wata mai kantin magani a bakin titi. Ta dubi hoton, ta dube shi, ta ce irin wannan guba tana maƙalewa a cikin tsatsa da gaɓoɓin ƙarfe, wanki ba ya fitar da ita. Babba zai yi ta fama da ciki bai san dalili ba, yaro kuwa sai abin da Allah ya yi.

A nan Zailani ya yi kuskurensa na biyu, wanda ya fi na farko tsada. Wanda ya tashi a gidan Haj Almahdi ya kamata ya san cewa a keɓe ake samun tsohon, bayan sallah, a lallaɓa shi har ya ɗauka shawarar tasa ce. To amma mutumin da bai saba cewa a'a ba, ranar da zai fara, ba ya sanin wurin da ya dace. Sai ya bari aka zauna fatur, karin kumallon hantsi da kowa da kowa ke durƙusawa a kan kwano ɗaya, shugaba da lebura, ana cin dafaffen waken ful da man riɗi da burodi. Hisham ma yana nan, ya naɗe hannun riga.

"Kawu," in ji Zailani, "barmil ɗin nan ba za su tafi Mayo ba. Guba suka ɗauka. Zan nemo masu tsabta a haɗa ko da za a makara, asarar kuma warsha ce za ta ɗauka."

Hannaye suka tsaya cak a cikin kwano. Hisham ya yi murmushi irin na wanda ya samu kallo kyauta.

"Ashe warsha ta sake mai ita, ya Haj, ba a gaya mana ba," ya ce. "Ni dai da kai na yi magana. Na ɗauka maganarka ce ke tafiya a nan."

Tsohon ya ajiye burodin hannunsa a hankali.

"Ya waladi, ɗana, tun kana cikin zani nake haɗa barmil. Na mai, na fenti, na kwalta, duk mun wanke mun haɗa. Wa ya mutu? Na ba mutum maganata, halas, an gama."

"Kawu, wannan daban ne. Ƙuda ma da ya sauka..."

"Ƙuda! A gaban jama'a za ka auna maganata da ƙuda?" Ya miƙe yana laluben sandarsa. "To ku shaida! Alayya ɗalaƙ, waɗannan barmil ɗin, su ba wasu ba, sai sun fita ta ƙofar nan a kan karo sun tafi Mayo kafin rana ta faɗi ranar Juma'a!"

Usta Hamid ya ce innalillahi a ƙasan maƙoshi. Wani lebura ya janye hannunsa ya share a wando. Kowa ya lissafa a zuciyarsa, kowa ya samu amsa ɗaya. Magana zarar bunu ce, ta fita, kuma shi kansa mai ita ya tsaya baki buɗe na ɗan lokaci kafin ya juya ya koma kujerarsa. Ranar an ɗauke kwano da sauran ful a ciki, abin da ba a taɓa yi ba a warshar.

Zailani ya hana a taɓa barmil ɗin, kuma daga ranar ya zama baƙo a wurin da ya girma. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi daga kwano. Amma da ya durƙusa sai hira ta mutu, a ci a miƙe da sauri. Sai ya koma cewa ya riga ya karya, ya shige ɗan ofishinsa na kwano ya zauna cikin zafi yana jin dariyarsu daga waje. Kaɗaici ya saba da shi tun da daɗewa, amma wancan na rashin mutane ne. Wannan kuwa ga mutanen, ga shi, ba mai haɗa ido da shi.

Usta Hamid ne kaɗai ya tako har ƙofar ofis, bai shiga ba.

"Ya rayyis, shugaba, ni na yi aman, na san abin da ke ciki. Amma Hajja Sittana uwarmu ce duka. Wane ne a nan bai ci daga hannunta ba? Mutanen Mayo kullum suna shan abin da ya fi wannan, Allah yana tsare su. Ka bari mu wanke har hannunmu ya saɓe, mu haɗa, mu rabu da fitina."

"Usta, za ka ba 'ya'yanka ruwa daga ciki?"

Hamid ya dubi ƙasa. "Ba zan ba su ba. Amma kuma ba zan raba tsohuwa da ɗakinta ba. Gara da ba ni ne shugaba ba." Ya juya ya tafi.

Zailani ya nemi ƙofa ta kowane gefe. Ya samu Hisham a shagonsa ya roƙe shi: a haɗa, a fitar, a kai Mayo don rantsuwa ta cika, sa'an nan warsha ta karɓe su duka ta lalata, ta ba da wasu.

"Ya zol, bawan Allah, kana jin kanka kuwa?" in ji Hisham. "Da sun isa Mayo kowa zai kama nasa ya ɗaura jaki ya ɓace a lungu. Wa zai bi su? Ko so kake in hau kan lori in yi shela cewa guba na sayar musu? Ka haɗa min kayana kawai. In ka ƙi, wallahi ba sauran dillalin da zai sake kawo muku aiki."

Daga nan Zailani ya haye gada zuwa Omdurman ya ɗauko limamin unguwa, suka zauna da tsohon a zaure. Limamin mutum ne mai sanyin hali. Ya ce akwai malaman da ke ganin irin wannan rantsuwa ta rataya ne a kan niyya. In Haj tsoratarwa kawai ya yi nufi, ba saki ba, to akwai sauƙi. Abin da ake bukata kawai ya faɗa da bakinsa cewa bai yi niyya ba. An shimfiɗa wa mutum hanya har gaban ƙafarsa, ya rage ya taka. Amma girman kai ciwo ne da ba ya jin magani, ga kuma ɗan ƙanwarsa zaune yana kallonsa.

"Ni yaro ne da zan yi magana ba niyya?" in ji Haj Almahdi. "Abin da na faɗa shi nake nufi. In yana son Innarsa, ya san abin da zai yi."

Limamin ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce to Haj ya rufe ƙofar da hannunsa, Allah ya kyauta. Ya nemi takalmansa ya fita.

Zailani ya shiga cikin gida. La'asar ta yi sanyi, Inna Sittana tana tsakar gida a kan 'yar kujera tana suyar gahawa, hayaƙi na tashi, gefen tob ɗinta, lulluɓin matan ƙasar, ya zame daga kanta, furfura ta bayyana. Ya zauna a bakin angareb, gadon igiyar da ya yi barci a kansa duk yarintarsa.

"Ka ci abinci?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Na ci."

"Ƙarya kake yi. Wuyanka ya fito." Ta tashi ta kawo masa kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, ta tsaya a kansa har ya sa hannu.

"Inna, kin ji abin da ya faru."

"Unguwa duka ta ji, ni ce kurma?"

"Me zan yi?"

A zuciyarsa ya riga ya shirya amsar da yake fata. Yana so ta ce je ka, ɗana, ka yi gaskiya, Allah yana tare da mu. Da ta faɗi haka da kayan sun rabu biyu. Ita kuwa ta ci gaba da motsa gahawa har ta kusa ƙonewa.

"Ka zo ne in ce maka je ka fasa su, don ka samu ka yi barci," ta ce. "Ba zan ce ba. Kuma ba zan ce ka kai wa 'ya'yan mutane guba ba, ina da kabari a gabana. Kawunka ya rantse da ni bai tambaye ni ba. Kai ma yi abin da za ka yi, kada ka tambaye ni. Ku maza kun iya ɗora wa mutum kaya, amma wannan dai ba zan taya ka ɗauka ba."

Ya cire hannu daga abincin. Ta sauke kaskon, ta dubi tsakar gidan daga bango zuwa bango.

"Shekara arba'in da ɗoriya ina share wurin nan. Lemon tsamin can ni na dasa shi. Ina jin tsoro, Zailani. Ban san yadda ake zama a gidan wani ba."

Bai taɓa jin ta ce tana tsoron wani abu ba. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, ita ma ba ta ce ya share ba. Da zai tafi ta ƙulle masa sauran kisra a leda kamar yadda ta saba. A motar haya, kan gada, ya zauna a matse tsakanin mutanen da ke gardamar tsadar burodi, ledar tana kan cinyarsa, kogi yana wucewa a ƙasa, ya ji duniya ba ta taɓa yi masa faɗi da fanko kamar haka ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar Alhamis da safe bai je warsha ba, ya hau mota zuwa Mayo. Shi kansa bai san abin da ya je nema ba. Wataƙila so yake ya ga mutanen sun yi masa nisa, su zama taro kawai marar fuska, don ya iya cewa Allah zai tsare su. Ya yi ta yawo cikin lungunan jar ƙasa, ba wanda ya san shi. A wata mararraba ya ga karo a tsaye, ya gane ɗinkin waldar Usta Hamid a jikinsa tun daga nesa. Mata sun yi layi da jarkoki. Wata yarinya da ba ta gama iya tafiya ba ta kufce daga hannun uwarta, ta kafa baki a tiyo tana sha, ruwa na bin haɓarta, mai jakin yana dariya. Ba ta tambayi kowa abin da barmil ɗin ya taɓa ɗauka ba, uwarta ma haka. Sun yarda ne kawai da wani mutum da ba su taɓa gani ba, kuma mutumin shi ne.

Ya koma warsha bayan azahar, lokacin da tsohon ya riga ya tafi gida. Ya tara ma'aikata.

"Ku tafi gida, an tashi. Hakkinku na mako yana nan, ba abin da zai taɓa shi. Abin da za a yi yanzu ba hannun kowa a ciki sai nawa. In an tambaye ku, ku ce ni ne, kuma kun hana ni."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Usta Hamid ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba, bai tafi ba. Zailani ya ɗaure hanci da baki da rawani, ya sa safar hannu, ya ɗauki babbar guduma da wani tsinin ƙarfe. Ya kwantar da barmil na farko, ya farke gindinsa, ya lotse shi yadda ba mai waldar da zai iya tayar da shi. Ya jawo na biyu. Ƙarar ta cika layin, masu gareji suka leƙo, suka koma. Tafin hannunsa ya manta irin wannan aiki, shekarun ofis sun lalata shi, kafin ya kai rabi ya ɗuri ruwa ya fashe. Da kowace guduma yana ganin fuskar Inna, kuma bai daina ba.

Dela, mai sayar da shayi a bakin warshar, 'yar Mayo ce, kullum daga can take zuwa da kayanta. Ta taso ta tsaya kusa da Hamid, hannu a ƙugu.

"Kai, wannan bawan Allah ya haukace ne? Ya kore min mutane da ƙara. Su ne karon da muke jira? To madalla, yanzu sai masu ruwa su ƙara mana kuɗi, mu talakawa mu ne a ƙasa kullum."

Zailani ya ci gaba da dukan ƙarfe. Ta yi tsaki ta koma wurin gawayinta. Kafin magariba fili ya cika da lotsattsen ƙarfe shuɗi. Ya tattara su a lungu, ya rufe da tamfol, ya ɗora duwatsu don kada 'yan gwangwan su kwasa. Da ya juyo, Hamid ya riga ya tafi.

Ranar Juma'a Hisham ya zo da lori, ya ga abin da ya gani, ya zazzaga abin da ke bakinsa har maƙwabta suka taru, ya tafi yana rantse-rantse, amma shi da Allah ya rantse, bai taɓa matarsa ba. Bayan nan wurin ya yi tsit. Zailani ya zauna shi kaɗai a kan wata tsohuwar taya, hannayensa naɗe da tsumma, yana kallon rana tana gangarawa ta wajen Omdurman. Ya roƙi Allah ya sa wayarsa ta yi ƙara, a ce tsohon ya sauko, ya kira liman ya gyara maganarsa. Wayar ba ta yi ƙara ba. Rana ta yi ja, ta taɓa rufin masana'antu, ta nutse. Aka kira sallah a masallacin layin, ya san a can ma an kira. Ya tashi ya yi alwala da hannayen da ke masa zogi.

Da safe ya haye gada. Ƙofar gidan a buɗe take, keke mai ƙafa uku yana tsaye a waje. Wafa'a, 'yar ƙanin Inna da ke aure a Kalakla, ita ta zo ɗaukarta, ta kalle shi sama da ƙasa ba ta amsa gaisuwarsa ba. Liman ya riga ya ce Inna za ta iya yin iddarta a ɗakinta, a raba gidan da labule, amma ta ce ba za ta zauna tana jin tarin mutum ta bayan labule ba, alhali ba ta da ikon miƙa masa ko ƙoƙon ruwa. Tsohon yana ɗakinsa, ya turo ƙofa.

Inna Sittana ta fito sanye da farin tob, an share tsakar gida tas, ta yi sharar tun da asuba. Kayanta akwati ɗaya ne da ƙullin tukwane. Zailani ya sunkuya zai ɗauki akwatin, yana jiran ta hana shi. Ba ta hana ba. Ta ga tsumman da ke hannunsa, ta kawar da kai.

A bakin keken ta tsaya.

"Maganin hawan jininsa yana kan taga. In ba a sa masa a tafin hannu ba, ba ya sha. Kada a sa masa gishiri da yawa. Ka bar ɗakin hayar nan ka dawo gida, ba ya gani sosai, zai faɗi."

"To, Inna."

"Mutanen da ka yi dominsu, sun san sunanka?"

"A'a."

"Nawa fa?"

"Ba su sani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Ya so ta zage shi, ko ta sa masa albarka, ko wanne ne zai karɓa. Ta ɗaga hannu har ta kusa dafa kansa, sai ta gyara tob ɗinta ta shiga. Keken ya tashi, ya sha kwana a bakin masallaci.

Zailani ya koma ciki ya tsaya a tsakar gida. Bai yi nadamar barmil ko ɗaya ba, kuma wannan bai rage masa komai daga abin da yake ji ba. Murhu a kashe, kujerarta a jingine da bango. Ya daɗe a tsaye bai san inda zai zauna ba.

Can sai aka yi tari a ɗaki, gado ya yi ƙara, muryar tsohon ta fito yadda ta saba fitowa, da isa, ba tare da tunani ba.

"Sittana!"

Zailani ya juya wajen ɗakin.

"Sittana! Ina kika sa min takalmana?"

Ya taka har bakin ƙofar, ya ga takalman a jere a gefe, an goge su. Ya ɗauka da hannu biyu.

"Ni ne, Kawu."

 Zailani ya tsaya riƙe da takalman, yana jin numfashin tsohon ta bayan ƙofa yana sarƙewa, har ya zama kuka.